Safar Hannun Nomau

A Ƙauran Namoda, bayan tsohuwar tashar jirgi,
Nomau na ɗinke safar gola da zaren buhu.
Wata biyar kulob bai biya ba.

An ce an ƙayyade albashi, kowa ya yi haƙuri.
Sai ga ɗan wasan gaban da aka sayo bara
ya zo atisaye da sabuwar mota.
Ashe murfin
kan ƙaramar tukunya kaɗai ya zauna.

Jiya a gidan kallo, da kuɗin rance,
ya ga wani ya ɓarar da fanareti,
wanda albashinsa na mako zai sayi unguwarsu.

Ran Asabar ya kaɗe ƙwallo tara.
Aka tafa, aka watse.
Ya taka zuwa gida,
takalmansa cikin leda.