Ɓeraye Uku

A Sheffield, hawa na huɗu,
ana ta yayyafi tun hantsi.
Na shimfiɗa maƙala, shafi goma sha ɗaya,
na ja layi ƙarƙashin kammalawa:
"Maganin ya rage sukari a jini."
Na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Dakta Pascoe ta sa tafin hannu
ta rufe layin ruf.
"Tasalla, wannan bakin mai talla ne.
Koma baya. Da me suka auna?"

Ni da na tashi da sanin
abin da aka buga ba a yi masa musu,
hannuna na rawa na ɗauki jan biro.

Da ɓera ashirin suka fara.
A jadawali na biyu, sha bakwai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa da yatsu
kamar wadda aka ba guntun canji.
Ina ukun?
Mutuwa suka yi, ko tsame su aka yi
don sun ƙi faɗin abin da ake so?
Takarda ta yi gum.

Ban ce ƙarya suka yi ba,
zato zunubi.
Na rubuta a gefe: ban sani ba tukuna.

Magariba ta faɗi tun ƙarfe huɗu.
A motar Hillsborough, goshina kan gilashi,
na tuna nawa gwajin cikin firji:
kwalba takwas, ɗaya ta fashe ran Talata,
na share wurin, ban rubuta ba.

Na danna ƙararrawa.
Na sauka cikin ruwa, na koma.