Na Ɗaura wa Buhu Bel

Riɗin bara ne ya zama mota,
buhu arba'in da ɗan abin da ba a rasa ba.
Dillali a Kano ya nuna min guda biyu,
launi ɗaya, uwa ɗaya:
"Wannan gaya ce ba miya,
wannan ko komai da ruwanka."
Ya danna nan, gilashi ya sauka da kansa,
ya danna can, rufi ya dare, na ga sama.
Na ƙara masa kuɗin maraƙi.
Ban shawarci kowa ba.

Baffa Ilu ya zagaye ta sau biyu,
sandarsa a bayan wuya.
Ya ce, "Tanimu, mai sayen jaki
ƙafa yake duba, ba adon akumari ba.
Za ta kai ka Gujungu ta dawo?"
Na ce za ta kai.
Ya ce, "To sauran na wane ne?"

Ran kasuwa na aza buhu a kujerar gaba,
sai ta kama tsuwa kamar gyare.
Na tsaya, na duba mai, na duba ruwa,
har Majiya ban gano ba.
Ashe mutum ta ɗauki buhun.
Sai da na ɗaura masa bel ta yi shiru.
Yau yaran gari in sun hango mu
buhun suke fara gaisarwa.

Idon da ke bayanta, mai nuna hoto,
laka ta rufe shi tun ruwan farko.
Uwale ce dai ke tsaya min:
"Taho, Baba, taho. Tsaya, turmi!"

Wata rana cikin bazara
Hajjo ta dafa wani abu ba ta sani ba,
kujera ta ɗau zafi kamar tanda.
Ta ce zazzaɓi ne, ta ce a juya gida.
Wanda ya ƙera ta sanyi ke cinsa,
bai san da mu ba.

Gilashin kuwa a Kwalam ya ƙi tashi,
hadari ya haɗo, ya sauka a cinyata.
Haladu bakanike ya leƙa ya girgiza kai:
"Da ta hannu ce, da filaya ta isa.
Wannan sai Kano, sai mai kwamfuta."
Wata uku leda ce tagata.

Amma bari in faɗi gaskiya.
Ran da na ɗauko 'yan tsaki ɗari biyu,
rana tsaka, kwalta na tururi,
na kunna sanyin na rufe ido ga allurar mai.
Maƙwabcina a motar haya ya ɗauko nasa,
talatin ya zubar a bayan gari.
Nawa Baffa da kansa ya ƙirga,
ɗari biyu cif, suna ta ciyo-ciyo.
Bai ce komai ba. Ya gyara hula.

In ka tambaye ni yanzu,
zan ce rufin nan asara ne, yoyo yake.
Idon baya Uwale ta fi shi.
Gilashi a ba ni na murɗawa.
Sanyin, ka saya in kana da tsaki.
Maraƙin har yau ina mafarkinsa.

Sai ga shi da sanyi ya shigo,
bayan asuba na fito zan duba kaji,
na tarar da Baffa a jikin ƙofar,
hannu ɗaya riƙe da ƙugu.
Bai kalle ni ba. Ya ce, "Kai yaro,
wane ne ma Hajjo ta danna rannan?"