Kunnen Kawu Arzika

Kawu Arzika ya bar min gado guda.
Ba gona ba, ba ƙofar shago ba,
wani baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba,
da eriya siririya awa tsinken tsire.

"Ige," yakan ce, "wanga kunne ne, ba baki ba.
Shina ji, ba ya sa baki.
Da mutanen Rijiyar Ɗorowa sun ɗauki halinai,
da alƙali ya samu barcin rana."

Ƙarƙashin dogon yaro ya koya min,
hannunsa na warin dalma.
In an danna maɓallin farko
lambobi su kwasa da gudu cikin ɗan gilashi,
awa wadda akuyarta ta ɓace da magariba:
leƙa nan, ba kowa,
leƙa can, ba kowa,
sai ya ji murya,
ya tsaya cak.

Nan na fara jin matuƙin jirgi
yana neman iznin sauka bisa kawunanmu,
da direban siminti daga Kalambaina
yana faɗa wa wani tayarsa ta fashe.

Akwai abin murɗawa na kashe shuuu.
"Murɗa kaɗan, iska ta yi shiru.
In kin zarce,
kin kori mai ƙaramar murya tare da iskar."
Na daɗe kafin in gane
ba rediyo kaɗai yake nufi ba.

Dokokinsa ba a rubuce suke ba,
kowace da tabonta.
Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi,
abin sawa a kunne ya cinye shi a hankali,
don haka rage murya.
Modi, yaron shago, ya hau rufi da dogon ƙarfe
zai ɗaura eriya kusa da wayar lantarki.
Allah ya yi da sauran kwana,
amma har yau yatsu biyu ba su miƙewa.
In hadari ya haɗo daga gabas,
kada ki jira ɗigon farko,
cire waya, sauko.
Aradu ba ta sallama.

Ranar Sakkwato kuwa, ai kin san ta,
bar shi bisa benci da azahar
batir ya kumbura, ya yi amai, ya ci cikinai.
In za ki yi tafiya, zare su.
Kada ki sa shi a kunne kina bayan kabu-kabu.
Kada ki aje shi kusa da randa.

Ta ƙarshe ya faɗe ta yana kallon ƙasa:
"Ƙofar da hukuma ta rufe, bar ta rufe.
Abin da ya faɗo kunnenki ba naki ba ne,
kada ya kai bakin rijiya."

Akwatin na da ma'aji, gurbi ɗari biyu.
Bayan sadakar bakwai na bi su ɗaya ɗaya.
Filin jirgi. Masu tirela. Wasu da ban sani ba.
Gurbi na tara babu komi,
shuuu kawai.

Modi ya ce na Nomau ne,
mai gadin wani sito a hanyar Wamakko,
wanda kowane dare, in ya gama zagaye,
yakan ce wa abokin aikinsa,
"Lafiya lau, Allah shi kai mu."
Kawu bai taɓa ganin fuskarsa ba.
Shekara huɗu ke nan da muryar ta ɗauke,
bai goge lambar ba.

Ni ma ban goge ba.
In an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit,
nakan bar lambobin su yi ta gudu,
su wuce takwas,
su ɗan yi jim a tara,
ni da su muna saurare.