Faifan da Bai Iso Jidda Ba

Shekara guda da wata bakwai
na keɓe masa gurbi a cikin kanta,
tsakanin batura da rigunan waya.
Kowace safiya ina goge wurin da tsumma
kamar mai gyara wa baƙo shimfiɗa.

Cewa suka yi faifai ne fari,
ka ɗora waya, ka ɗora agogo,
ka ajiye 'yan abin kunne a gefe,
su sha wuta tare, ba igiya,
kamar 'yan ɗaki ɗaya a bakin akushi.
Na yarda. Har littafi na buɗe:
sunaye ashirin da uku,
kafin alƙalami riyal hamsin-hamsin.

Daren Asabar bayan lisha
sanarwar ta faɗo, layi uku kacal.
Mun gwada, bai kai yadda muke so ba,
mun fasa, a yi haƙuri.
Tarin tsoho ma ya fi ta tsawo.

Ban gama ɗaga ƙyaure ba
Tanimu direba ya sunkuyo ciki,
gumin Bahar Maliya na bin wuyansa.
Ya ce, zo ka ga motata,
igiyoyi sun cakuɗe kamar taliyar jiya,
sai yanzu za su ce sun fasa?
Hangen Dala ba shiga birni ba!
Shi da aka haifa nan Karantina,
bai taɓa ganin Dala ko a mafarki ba.

Abu Mish'al na shagon canji
bai ɗaga murya ba.
Ya karɓi hamsin ɗinsa, ya duba ta a haske,
ya ce in sha Allah wata rana,
irin in sha Allahun da ke rufe ƙofa.

Hajiya Kande mai turare da dabino
dariya ta yi har tana dafa kanta.
Ni da ma ban gane ba, in ji ta,
wuta ba igiya, sai ka ce aikin aljanu?
Jikata ce ta matsa.
Riƙe kuɗin, ba ni igiya uku masu kauri,
waɗanda kyanwa ba za ta iya da su ba.

Sai Attayib, mutumin Sudan mai gyaran na'urar sanyi,
shi kaɗai ya tsaya wa kamfanin.
Ya zana da'ira uku a bayan rasit,
wata kan wata, ya ce kun gani?
Zafi ke hawa kan zafi.
Gara kunyar sanarwa
da gobara a gidan mutum tsakiyar Agusta.
Tanimu ya ce nawa suka biya ka?
Sai da na sayo shayi kafin aka rabu.

Wanda ya tsaya mini a rai yaro ne,
Ɗanliti, ɗan aji biyu a sakandare.
Ya zo da kwalin abin kunnensa,
ya juya bayansa, ya nuna da yatsa:
Kawu, ga hotonsa nan sun buga.
Yaya za a zana abu a ce babu shi?
Na buɗe baki.
Kiran azahar ne ya cece ni.

Da yamma na bi littafi ina sokewa,
ashirin da biyu sun karɓa.
Saura Malam Barau,
wanda ya tattara ya koma Funtuwa bara,
lambarsa kullum a kashe.
Na sa hamsin ɗinsa a ambulan,
na rubuta sunansa da ajami, yadda yake so,
na ajiye a gurbin nan da nake gogewa.
Ko ba komai wurin ya sami mai zama.

Yanzu dare ya raba.
Wayata saura kashi huɗu,
igiyarta ta karye a wuya,
ba ta kamawa sai an lanƙwasa.
Na tokare ta da kofin shayi,
na janye hannu a hankali,
ina riƙe numfashi.