Cinikin Biri a Sama

A shagon Gbenga, bayan layin dogo na Agege,
inda janareto ke tari tun hantsi,
na zauna a kujerar roba mai ɗaurin waya,
na cika suna: Sabi'u Lamara.
Layi na gaba ya tambayi makaranta.
Na rubuta Gashuwa.

Gbenga ya sauke tabarau zuwa karan hanci,
ya ce, a ƙasar nan take?
Na ce masa e, da ƙarfi,
irin ƙarfin mai rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Hoto ɗaya na sani.
Ƙofa ce, da bishiya a gefenta,
da ɗalibai uku rungume da littattafai suna dariya.
Na buɗa hoton da yatsu biyu har fuskokinsu suka narke,
ban gano abin da ke ba su dariya ba.
Hoto bai faɗi ko famfo na kawo ruwa ba,
ko mutum nawa ke raba ɗaki,
ko wa zai kai ka asibiti in zazzaɓi ya zo da dare.

Baba albasa yake sayarwa a Mile 12.
Shekara talatin bai biya kuɗin buhu ba
sai ya zura hannu har gindi ya shinshina.
Ya ce, wannan cinikin biri a sama ne,
ka je ka gani mana.
Muka lissafa kuɗin mota, zuwa da dawowa,
sai maganar ta kwanta da kanta.

Na ce, Baba, kai da ka hau bayan tirela ka taho Ikko,
ka taɓa ganinta?
Ya daɗe yana ɓare bawon albasa ɗaya.
Ya ce, ni yunwa ce ta koro ni.
Kai me ya kore ka?

Ban amsa ba.
Ta yaya zan ce masa ɗaki ɗaya, mu bakwai?
Ko in ce ina son garin da za a kira ni Sabi'u,
ba aboki ba?
Kuma ina tsoro.
Hausata ta sha ruwan Agege,
abi da jare suna maƙale mata kamar ƙaya a zane.
A nan ni ɗan Arewa ne da bai taɓa haye Jebba ba,
can kuwa, na sani, ɗan Ikko za su ce.

Kawu Talle direba kaɗai ya taɓa bi ta wajen.
Na same shi a ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai.
Ya ce, katanga na gani, ban shiga ba.
Kifi akwai. Zafi akwai.
Miƙo min sifana.

Takardar na naɗe a leda saboda ruwan sama,
na tsallake kwata uku da ita a ƙirji,
'yan danfo na kiran Oshodi, Oshodi,
duk wuraren da na sani.

Da dare, kowa ya yi barci, ƙafar ƙanena a wuyana,
na bi hanya da yatsa a waya:
Ibadan, Ilori, gada, daji, daji, Kaduna, Kano.
Caji ya mutu a Haɗeja.
Na kwanta nan cikin duhu, ban ƙarasa ba.

Da asuba Baba na ɗaura agogo,
bai kalle ni ba ya ce,
ka tambayi Talle ko ana samun gidan sauro can,
ko a nan za mu saya.