Daren da Barira ta yi barci

Tun da suka dawo daga Indiya
ƙirjin Malam Dalhatu ya daina ƙwanƙwasa ƙofa.
Ɗora kunne ka ji: babu bugu,
sai wani zuuu siriri
kamar injin markaɗe can ƙarshen Gyallesu
da iska ta kawo rabinsa.
Gonar Dakace ce ta tafi, shi ya dawo,
da igiya ta ɓullo ta gefen cibiya
ta shige baƙar jaka a kafaɗa.

Batir biyu, hagu da dama.
Yayata ta san halinsu kamar ita ta yaye su.
Mai saurin yunwar ta ɗiga masa jan farce.
In an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsaki ta koma hira,
ita kuwa ta miƙe cikin duhu
tana ƙirga awoyi a gaɓoɓin yatsu
inda a da take ƙirga tasbihi.

Masu dubiya sun zo, takalma sun cika zaure.
Ya mai jiki? Da sauƙi.
Lemo da ayaba sun yi tudu a faranti.
Ba wanda ya dubi idon mai cewa da sauƙin.
Ni ma ban duba ba.
Wata bakwai ina zuwa daga Samaru
da kwanon miya da dogon Allah ya sawwaƙe,
in koma gida kafin magariba.

Sai wata Laraba a Shika,
Sista Rifkatu ta gama rubutu, ta rufe biro,
ba ta kalli Malam ba.
Ta ce, ke fa, yaushe rabonki da barci?
Barira ta yi dariya,
dariyar ta tsage a tsakiya kamar tsohon zane.
Sista ta juyo gare ni:
ƙanwarta ce? To, wanke hannunki.

Na wanke har gwiwar hannu. Ta ce sake.
Na koyi rufe baki da hanci,
na koyi goge bakin ramin daga ciki zuwa waje
ba a komowa baya,
na koyi kukan na'ura, wanne ne yunwa, wanne ne gobara.
Abu ɗaya ta maimaita har sau uku:
kada ki taɓa cire biyun lokaci guda.
Sai ɗaya ya riƙe, ɗaya ke hutawa.

Daren farko, ɗaya da kwata, wuta ta tafi.
Wajen uku mai jan farcen ya fara ƙara.
Hannuna ya yi rawa kamar ba nawa ba,
na zare, na tura, na ji ƙas.
Malam ashe idonsa biyu.
Ya ce, ta yi barci?
Na ce ta yi.
Muka yi shiru muna sauraro.
Ta bayan labule minshari yake fitowa,
mai kauri, mara kunya.
Ya ce, rabona da jin wannan
tun kafin mu hau jirgi.

Ladan ya kira, bai same ta ba.
Sai da hantsi ta faɗo ɗakin ba takalmi, ba ɗankwali,
da faɗa a bakinta: don me ba ki tashe ni ba?
Ta duƙa kan jakar. Fitilu kore.
Ta daɗe a duƙe.
Sannan ta sha kokonta a zaune,
har ta ce sukari bai ji ba.

Yanzu a bayan kalanda akwai sunaye.
Talata da Asabar nawa.
Sagir na maƙwabta ke tada janareta,
Ɗanjummai mai cajin waya ya bar mana soket ɗaya
ya ce ko sisi.
Alhamis har yau babu kowa.
In kun zo dubiya, ku gaida mai jiki,
ayaba kam ta ishe mu.
Ga biro nan rataye da zare.