Kwano Ashirin da Huɗu, Murfi Ashirin da Uku

Akuyata ce ta buɗa mini kanti,
ita da ba ta san dala ba.
Wata biyu tana ramewa, ciki kuwa kamar ganga,
harawa ma sai ta shinshina ta kau da kai.
Ran da Abarshi mahauci ya farke tumbinta
ya ce, zo ki gani da idonki.
Baƙar leda ce, ƙulli kan ƙulli,
ta murɗe kamar igiyar guga,
wata har da sauran jan manja a jiki.
Ban rantse ba, amma kamar ta waken
da na sayo wa yara ce.

Jaka tara ya ba ni, nama da fata.
Na haɗa da kwasar adashe,
na hau motar Ƙonni da asuba,
kuɗi a ƙulle a bakin zane,
hannuna a kansu har Tsarnawa.

Kwano ashirin da huɗu na saro:
na silba masu murfi mai kama baki,
robobi masu kauri da zafin miya ba ya lanƙwasawa,
samira biyu masu hawa uku, ko ma'aikata za su so.
A shingen duwan aka zazzage buhu,
murfi guda ya gangara ƙarƙashin mota.
Direba ba ya jiran murfi.

Lahadi na shimfiɗa tabarma a kasuwar Tawa,
tsakanin mai albasa da mai gyaran rediyo.
Rana ta daki silba, silba ta daki ido,
aka tsaya, aka ƙwanƙwasa,
aka duba fuska a gindin kwano.
Nawa? Dala ɗari da hamsin.
Wata ta yi dariya har mayafi ya zame:
Baiwar Allah, leda fa kyauta ce!
Na so in ce ni akuya guda na biya.
Na haɗiye. Na gyara jeri.

Kwana shida, ko dala.
Mai karɓar patanti kaɗai bai manta da ni ba.

Kuluwa mai dambu a bakin tasha ta ce,
ke ba ki iya ba.
Mai yunwa ake nuna wa kwano, ba mai yawo ba.
Kawo biyar, jera gefen tukunyata.

Ranar ce ledar Ilu ɗan kabu-kabu ta fashe,
mai da yaji suka bi wando har takalmi,
ga fasinja na kallo.
Ya ɗauki kwano, ya juya, ya ajiye:
ba ni da su a dunƙule.
Na ce, kawo goma-goma kullum.
'Yata Sahiya ta yage tsakiyar littafin lakwal,
ta ja layi da bakin murfi,
ta rubuta sunansa da jan biro.

Yanzu sunaye goma sha bakwai ne a takardar.
Guda ya tafi Agadas da kwano da bashi,
Allah ya sa ya ci lafiya.
Wata malamar asibiti ta ɗauki samira, ta biya nan take,
daren nan na sa nama a miya.
Ilu ya ɗaure nasa a bayan babur,
ƙararsa ke riga shi shiga unguwar Bilbis.

Ban ce na share Tawa ba.
Jiya ma iska ta rataye ledoji a kan aduwa,
baƙaƙe, suna kaɗa fiffike ba sa tashi.

Kwanon nan marar murfi ba wanda ya taya,
shi ne asusuna.
Da dare ina zuba masa abin da rana ta bari,
ina jin ƙarar na canzawa:
da can gindi ke amsawa,
yanzu kuɗi ne ke faɗa wa kuɗi.

Na je kasuwar dabbobi, na taya wata 'yar ja
mai farin goshi, ban saya ba.
Na dawo gida na ɗauki tsintsiya,
na fara daga gindin turke.